Madarunfa: Shin kati biyu a cikin kwamfuta ɗaya yana ninka ƙarfinta?

A Madarunfa, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, kwamfuta ta daina zama kayan ofis kaɗai. Akwai matasan da ke cin abinci da ita: masu ɗaukar bidiyon biki da suna, masu shagon hoto, masu tsara kalanda da katin gayyata, masu zana fasalin gida kafin a aza tubali, da masu ɗakin wasan bidiyo inda yara ke biya su buga ƙwallo a allo. Kowannensu yakan kai lokacin da injin zai fara yi masa nauyi. Bidiyon rabin awa ya ɗauki yini bai fita ba, uwar amarya kuma tana ta aiko yaro. A nan ne shawara kan fito daga aboki ko daga mai shago, a ce a ƙara katin girafik na biyu, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarar tana da asali, don an yi zamanin da take aiki. Sai dai ta tsufa, kuma kamfanonin da suka kawo tsarin su da kansu sun janye daga gare shi. Wanda ya bi ta ido rufe a yau zai iya zuba jarinsa a kan katin da zai zauna cikin akwati, fankarsa na juyawa, yana shan wuta, ba tare da ya taɓa ɗaukar aikin da aka saye shi dominsa ba.

Katin girafik shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Yana da ƙwaƙwalwarsa, yana da ma'ajiyarsa da ake aunawa da giga, yana da fanka, kuma ana cusa shi a wani dogon gurbi da ke jikin uwar kwamfutar, wadda masu gyara ke kira kart mer. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da kasuwarsa, Nvidia da AMD, dukansu na Amurka. Sunayen da ake gani a kwali, irin su Asus, MSI, Gigabyte da Zotac, na masu haɗawa ne: sukan sayi ƙwaƙwalwar daga ɗayan waɗancan biyun su yi mata jiki da fanka.

Inda maganar ta samo tushe

A shekarar 1998 wani kamfani mai suna 3dfx ya fitar da kati mai suna Voodoo2, wanda ake iya haɗa biyu da wata ƴar waya. Ɗaya yana zana layi na farko na hoton, ɗayan yana zana na biyu, haka har ƙasa. Kamfanin ya durƙushe, Nvidia ta saye kadarorinsa a ƙarshen 2000, sannan a 2004 ta farfaɗo da sunan tsarin, wato SLI, da wata sabuwar dabara. A 2005 kamfanin ATI na Kanada ya fito da nasa mai suna CrossFire, kuma da AMD ta saye ATI a 2006 sai ta gaje shi. Kusan shekara 10 bayan nan, kwamfuta mai kati biyu, wani lokaci har uku ko huɗu, ita ce abin alfahari ga masu wasan bidiyo a Turai da Amurka. Hotunan irin waɗannan injuna har yanzu suna yawo a intanet, kuma daga nan ne mafi yawan masu ba da shawarar suka ɗauko ta.

Ko a wancan zamani, ba kowane kati ne ke zama da ɗan'uwansa ba. Manomin da ya taɓa ɗaura wa shanu karkiya ya san ba a haɗa bijimi da maraƙi, balle sa da jaki. A tsarin SLI dole ƙwaƙwalwar katunan biyu ta zama iri ɗaya sak, ma'ajiyarsu ma daidai. GTX 1070 na Asus zai zauna da GTX 1070 na MSI, don cikinsu ɗaya ne ko da rigar ta bambanta, amma GTX 1070 ba zai haɗu da GTX 1080 ba. Idan ɗaya ya ɗan fi ɗaya gudu, mai saurin ne ke rage tafiya ya jira. AMD ta fi sassauci, takan yarda a haɗa ƴan gida ɗaya, kamar HD 7970 da HD 7950. Haɗa na Nvidia da na AMD su zana hoto ɗaya kuwa, babu wannan a SLI, babu a CrossFire.

Sai kuma uwar kwamfutar. Ganin dogayen gurabe biyu a jikinta bai isa hujja ba. Gurbin yana da hanyoyin da bayanai ke bi, cikakkensa 16 ne, amma a yawancin masu araha gurbi na biyu tsawon kawai gare shi, hanyoyi 4 ne a ciki. SLI na buƙatar aƙalla 8 ga kowane kati, kuma sai uwar da Nvidia ta ba izini. Ana kuma buƙatar wata ƴar gada da ake ɗorawa a saman katunan biyu. Katin da ba shi da haƙoran da gadar ke kamawa a gefensa na sama, maganarsa ta ƙare tun a nan. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, katunan da talaka ya fi iya kai hannu gare su, GTX 1050 Ti, GTX 1060, GTX 1650, GTX 1660, RTX 2060 da RTX 3060, babu ko ɗaya cikinsu da ke yin SLI. Duk wanda ya ce a sayi biyu daga cikinsu don wasa ya ninka gudu, ko bai sani ba, ko kuwa yana son kayansa su fita.

Giga 8 da giga 8 ba su zama 16

Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara, don lissafin a baki yana da daɗi. A wasan bidiyo katunan biyu karɓa-karɓa suke yi: na farko ya zana hoto na ɗaya, na biyu ya zana na biyu, na farko ya koma kan na uku. Tun da kowanne zai zana cikakken filin wasa da ƴan wasa da ƴan kallo, dole kowanne ya riƙe cikakken kwafin kayan a ma'ajiyarsa. Kamar teloli biyu ne da ke ɗinka anko: kowanne sai an ba shi cikakken awo da samfur, ba a raba musu rabi-rabi. Saboda haka kati biyu masu giga 8 kowanne, giga 8 ɗin ne dai wasan zai gani. Wasan da ya ƙi tafiya don ƙarancin ma'ajiya zai ci gaba da ƙi.

Karɓa-karɓar ma tana da nata ciwon. Hotunan ba sa fitowa a tazara ɗaya, biyu su zo a manne, sannan a ɗan jira, sai ido ya riƙa ganin wasan yana ɗingishi ko da na'urar awo na nuna adadi mai yawa. Daga baya kuma masu ƙera wasanni suka koma dabarun da kowane hoto ke ɗaukar wani abu daga wanda ya gabace shi don ya yi laushi. Kati na biyu ke nan ba zai fara nasa ba sai na farko ya gama ya miƙo masa, amfanin zama biyu ya tafi.

Daga nan kamfanonin suka fara ja da baya. AMD ta daina amfani da sunan CrossFire a 2017, kuma katunanta na jerin RX 5000 da suka fito a 2019 ba su zo da shi ba. Nvidia ta sanar cewa daga 1 ga Janairun 2021 ba za ta ƙara shirya wa sababbin wasanni tsarin SLI a manhajarta ba, ta bar wa masu ƙera wasannin su yi da kansu in sun ga dama, kuma kaɗan ne ƙwarai suka ga damar. A jerin RTX 30, manyan nan ne kawai, 3090 da 3090 Ti, suka zo da wurin gada. RTX 4090 da ya fito a 2022 bai zo da shi ba sam. Ga mai ɗakin wasa a Madarunfa ko Ɗan Isa, ma'anar wannan a fili take: kuɗin kati na biyu gara a tara shi a sayi kati ɗaya mafi ƙarfi, ko a kafa wani injin daban da zai ɗauki wasu yaran. Kati biyu ba ya mai da kwamfuta ɗaya ta zama biyu.

Inda kati na biyu ke da amfani

Ba a ce kati biyu ba sa zama a akwati ɗaya ba. Suna zama, har na Nvidia da na AMD, a Windows 10 ko 11, kowanne da manhajar da ke tuƙa shi, wato direba, kowanne yana hidimar allon da aka jona masa. Zama tare daban, haɗa ƙarfi a kan aiki ɗaya daban. Wannan na biyun ya dogara ne ga manhajar da mutum ke aiki da ita.

Mai zanen gine-gine da ke amfani da Blender, manhajar kyauta da ake haɓakawa daga ƙasar Holan, yana cikin waɗanda za su ci riba. Wurin fitar da hoton ƙarshe, Blender na iya raba aikin ga duk katunan da ke ciki, ba gada, ba SLI, ba ma sai sun zama iri ɗaya ba, muddin na kamfani ɗaya ne. Kati biyu masu ƙarfi ɗaya kan rage lokacin jira kusan da rabi. Amma a nan ma dole zanen ya shiga ma'ajiyar kowane kati shi kaɗai. Akwai kuma wani tarko: tun daga Blender 3.0 da ya fito a ƙarshen 2021, an cire hanyar da tsofaffin katunan AMD irin RX 570 da RX 580 ke bi su yi wannan aiki. Wanda ya tara biyu daga cikinsu don sabon Blender, ya tara wa kansa abin ɗumama ɗaki.

Masu tace bidiyo su ne suka fi yawa, kuma su ne aka fi ruɗa. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya yana iya aiki da kati fiye da ɗaya, amma a Windows sai wanda ake saye, mai suna Studio, da kuɗinsa ya kusa dalar Amurka 300. Na kyautan kati ɗaya yake gani. Photoshop kuwa, kamfanin Adobe da kansa ya bayyana cewa ba ya cin moriyar kati biyu, har ma kasancewarsu kan iya rikita shi. Sau da yawa ma ba katin ne ke riƙe aikin ba. Injin da ke da giga 8 na babbar ma'ajiyar aiki da tsohon faifai mai juyawa zai yi nauyi ko kati nawa aka cusa masa. Ƙara ma'ajiyar zuwa 16 da sauya faifan da SSD ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ana jin bambancin tun ranar.

Wuri guda da giga ke haɗuwa da gaske shi ne a sabon fannin nan na ƙirƙirarriyar basira. Manhajoji irin llama.cpp suna iya yanka babban tsari gida biyu, su ɗora rabi a wannan kati rabi a wancan, ta yadda RTX 3060 biyu masu giga 12 za su ɗauki abin da ɗaya ba zai iya ba. Wannan magana ce ta masu bincike da ɗaliban kimiyya irin na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ba ta mai bidiyon biki ba.

Wanda allo biyu ko uku kawai yake so bai buƙatar ƙarin kati, don yawancin katunan shekarun nan suna ɗaukar allo uku ko huɗu su kaɗai. Masu ɗauko tsohon ƙaramin kati su ƙara kuma, su lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Katunan Nvidia biyu a Windows direba ɗaya suke rabawa, dole ya san su duka. Tun 2021 Nvidia ta daina saka tsofaffi irin GT 710 a sababbin direbobinta, shi kuwa RTX 4060 na 2023 tsohon direba bai san shi ba. In aka haɗa su, ɗaya zai yi aiki, ɗayan ya yi shiru. Abin dariya, sabon Nvidia ya fi saurin zama lafiya da katin AMD a kan ya zauna da kakansa.

Wuta da zafi

Ko an cika duk sharuɗɗan nan, akwai biyu da ba a rubuta su a kwali ba, don masu kwalin ba su yi lissafi da Madarunfa ba.

RX 580 ɗaya yana jan wat 185 in yana cikin aiki. GTX 1080 wat 180, RTX 3090 kuwa wat 350. A ɗauki RX 580 biyu: wat 370 ke nan, a ƙara wajen 150 na sauran injin da allo, an haura 500. Aikin awa 8 zai ci kilowat 4 na mita. Gurbin da katin ke zama wat 75 kawai yake bayarwa, sauran sai ta wayoyi masu baki 6 ko 8 da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfutar. Tsofaffin injunan ofis na Dell da HP da suka cika kasuwar okaziyo, musamman sirara, akwatin wutarsu bai cika kai wat 300 ba, yawanci ba su da waɗannan wayoyi, kuma ko kati ɗaya babba ba ya shiga cikinsu. Masu dabarar jona wayar faifai su mai da ita ta kati suna wasa da gobara ne, don siririyar waya ba a yi ta don wannan nauyi ba.

Sannan wutar kanta. Yankin Maraɗi da Damagaram yana samun kaso mai yawa na lantarkinsa ne daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Mutanen jihar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka zauna ana karɓa-karɓa har zuwa Maris na 2024. Mai sana'ar kwamfuta da ke da hali ya koyi ajiye gurup ko sola tun daga nan, in bai riga ya koya ba. To, batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe kilowat 2.4 ne a lissafi, kuma in irin na dalma ne, rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Injin da ke jan wat 500 zai shanye wannan rabin cikin awa biyu da ƴan mintoci. Mai kati ɗaya zai kai awa uku da rabi. Wannan tazarar ita ce tsakanin aikin da ya fita da wanda wuta ta yanke a tsakiya aka koma farko.

Duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, iskar da fanka ke jawowa don ta sanyaya katin ita kanta da zafinta take shiga. In katuna biyu suna jere, na saman yana shaƙar hucin na ƙasan, tazarar da ke tsakaninsu kuma wani lokaci ko yatsa ba ya shiga. Da zarar kati ya haura digiri 80 da ɗoriya sai ya fara rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙarfin da aka saya da kuɗi ke nan yake zubewa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe ramukan iska, a shagon da ke bakin hanya ba sai an jima ba.

Kafin a miƙa kuɗi

Kayan kwamfuta kan iso yankin ne ta Maraɗi, mai nisan kilomita 20 da ƴan kai, ko daga kasuwannin Kano ta hanyar Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, kuma mafi yawan manyan katunan da ake samu na hannu ne. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya sauya tsari a ranar 15 ga Satumban 2022, aka daina haƙo shi da katin girafik, masu haƙar suka juye katunansu a kasuwannin duniya. RX 570 da RX 580 na cikin waɗanda suka fi yawa. Irin waɗannan sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankarsu ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wasu suna da sauran rai, amma araha ba ta ado. Akwai kuma wanda aka rubuta wa RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin, ƙarfinsa na RX 570 ne. Akwai na jabu ma, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna yake nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Wata ƙaramar manhajar kyauta mai suna GPU-Z tana nuna ainihin ƙwaƙwalwar da ke cikin kati da zafinsa, kuma takan tona irin waɗannan. Mai sayen da ya san ciwon kuɗinsa yakan sa a kunna katin a gabansa, a ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa, yana kallon zafin da kuma allon ko zai fitar da ɗige-ɗige ko layuka.

Masu kwamfutar hannu su ma sukan shiga ruɗani idan suka buɗe suka ga sunaye biyu, Intel da Nvidia, har wani mai sayarwa ya ƙara kuɗi da sunan kati biyu gare ta. Waɗannan ba haɗa ƙarfi suke yi ba. Na Intel ƙarami ne, yana riƙe rubutu da kallon bidiyo don batir ya jima, na Nvidia kuma yana farkawa ne idan aiki ya yi nauyi. Matsalar da aka fi samu ita ce manhajar tace bidiyo ta maƙale a kan ƙaramin, babban yana barci. Ana gyara wannan a cikin saitin allo na Windows, inda ake zaɓa wa kowace manhaja katin da za ta yi aiki da shi. A kwamfutar tebur ma akwai makamancin haka: wanda ya sa sabon kati amma ya bar wayar allon a jone da ramin uwar kwamfutar na sama, sau da yawa ƙaramin ne ke ta zana masa hoto, sai ya sauko da wayar zuwa ramin da ke jikin katin.